Ledar Jini Ɗaya, Kati Biyu

Kwana tara da ɓatan yarinyar aka miƙa wa Sufeto fayil ɗinta. Takarda uku ce a ciki da hoto guda. Shekararta sha shida, a gida Auta ake ce mata. Ta fita ranar Talata da hantsi, wai za ta karɓo littafi wurin ƙawarta. Ba ta dawo ba.

Ogansa ya riga ya yanke hukunci: saurayi ta bi, in wuya ta yi wuya za ta nemo gida. Ya ba Sufeto mako ɗaya. In babu gawa babu shaida, a rufe fayil.

Uwar kuwa kullum tana kan bencin da ke gaban kantar ofishin 'yan sanda. Ba ta kuka, ba ta magana, sai dai duk wanda ya shigo ta bi shi da ido. Mijin babbar 'yarta, direban tifa mai ɗibar yashi a kogi, shi ke kawo ta da safe ya ɗauke ta da yamma. Shi ya buga hotunan cigiya ya bi bango yana mannawa. Kurata har tsokanarsa suke, wai surukin da ya fi ɗa.

Ƙawar Auta da farko ta rantse ba ta san komai ba. Sufeto bai ɗaga murya ba. Ya ajiye hoton a gabanta, ya jingina. Ba a jima ba ta fara magana. Ciki ne da Auta, wata biyar, tana ɗaure shi da ɗankwali a ƙarƙashin rigar makaranta.

"Na waye?"

"Ba ta faɗa ba, yallaɓai. Ta ce in ta faɗa gidansu ya rushe."

Daga cikin littafin lissafi ta zaro abin da aka ba ta ajiya: katin awo na wani ƙaramin asibiti a bayan gari, da sunan ƙarya, an rubuta matar aure.

A asibitin, nas ta ce ita mata ɗari take gani a mako, ba ta riƙe fuska. Amma dokarsu ɗaya ce: ba a ba mai ciki kati sai mijinta ko ɗan'uwanta ya ba da leda ɗaya ta jini, saboda ranar haihuwa. Ta nuna masa ƙofar ƙarshe.

Mai ɗibar jinin dattijo ne mai tabarau. Yana ganin lambar katin ya fashe da dariya. Wa zai manta da wanda ya ba da jinin katin nan? Ƙato kamar ya ɗaga mota, yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da mutum uku suka ciccibe shi. Sunan da ya bayar dai Allah kaɗai ya san na waye. Amma ai ya dawo.

Sufeto ya gyara tsayuwa. "Yaushe?"

Dattijon ya lashi yatsa ya buɗe rajista. Ranar Juma'a. Ya zo da wata matar, mai tsohon ciki, tana son kati. Aka ce masa ba a ɗibar jinin mutum sau biyu cikin wata uku. Sai ya ja dattijon gefe, ya ce a mayar da ledar da ya bayar kan sabon katin.

"Na ce, ita ta farkon fa? Ya ce waccan ba za ta buƙata ba. Na zaci ɓari ta yi. Har jaje na yi masa."

Sunan da ke kan kati na biyu ba na ƙarya ba ne. Na yayar Auta ne.

Da yamma direban ya zo ɗaukar surukarsa. Sufeto ya ce ya ɗan shigo ciki, sa hannu ne kawai. Da farko ya ce bai san asibitin ba. Daga baya ya ce ya sani, matarsa ya kai. Aka buɗe ƙofa, dattijon ya shigo yana goge tabarau.

"A'a, jarumin allura. Ya jikin?"

Direban ya dubi ƙasa.

"Ranar Juma'a kana manna hotonta kana Allah ya bayyana ta," in ji Sufeto. "A ranar ka gaya wa dattijon nan ba za ta buƙaci jini ba. Uwarta ba ta sani ba. Mu ba mu sani ba. Kai wa ya gaya maka?"

Fanka na juyawa. Mutumin ya nemi ruwa, aka ba shi, bai sha ba. Da ya buɗe baki muryar kamar ba tasa ba. Cikin nasa ne. Ta ce ta gaji da ɗaurewa, za ta gaya wa yayarta. Ya ɗauke ta a tifa zuwa bakin kogi don ya lallashe ta. Ta ƙi. Hannunsa ya kai wuyanta, bai san lokacin da ta daina motsi ba. Kogin ya cika ya batse a makon, shi ya karɓe ta.

Kwana sha ɗaya masu nutso suna laluben ruwa. Ko takalmi ba su samu ba.

A kotu ya janye maganarsa, ya ce tsoro ne ya sa shi. Wata bakwai lauyansa yana tambaya ɗaya: ina gawar? Ana cikin haka yayar ta haihu, jini ya ɓalle mata, aka ƙara mata leda ɗaya a kan katin nan. Da ta farfaɗo aka gaya mata ledar da aka fara bayarwa don Auta ce, ta juya fuska bango.

Alƙali ya ɗora rajista a kan katunan biyu, ya saurari dattijon har sau biyu. Ya ce kogi ba zai zama maɓoyar mai kisa ba. Ya same shi da laifi.

A bakin ƙofa, gandirebobi na jan sa da ankwa, uwar ta sha gabansa. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, don kunyar suruki. Ranar ta dube shi.

"Ɗan nan, ban zo tsine maka ba. Faɗa min daidai inda ka sake ta."

"Inna, ruwan ya janye. Ni kaina ba zan gane wurin ba."

Aka tura shi cikin mota, aka ja ƙofa.

Washegari ta sa Sufeto ya kai ta kogin. Yashi ne shimfiɗe iya ganin ido, sawun tayoyi ko'ina. Tana tafe tana tambaya, nan ne? Nan ne? Ƙafarta na nutsewa, numfashinta na sarƙewa, kuma ya san ba za ta tsaya ba sai ta faɗi.

Bai san wurin ba. Babu wanda ya sani. Ya zaɓi gindin wani dutse, ya nuna da yatsa.

"Nan ne, Inna."

Ta durƙusa, ta dafa yashin da tafin hannu biyu, ta kira sunan 'yarta a hankali.