Liƙi a Goshin Lailatu

Da hantsin Litinin, Lailatu tana tsaye a tsakar gidansu da ke unguwar Bromakoté, ta jingina waya da turmi tana auna mata lokaci. Minti uku ake ba mai slam a dandali, ba kiɗa, ba amshi, sai muryarsa da kalmomin da ya rubuta da hannunsa. Nata baitocin sun zarce da daƙiƙa ashirin, tana neman inda za ta datse. Mahaifiyarta, Inna Tsahara, tana tsince shinkafa a gefe.

Sai ga Hajiya Zalihatu da gajeriyar sallama. Ita ce mahaifiyar Fatihu, wanda aka sa ranar aurensa da Lailatu, kuma babu mai sayar da atamfa a kasuwar Adjamé da bai san gidansu ba.

"Tsahara, ba hira ta kawo ni ba. Duba nan."

Ta miƙa wayarta. Bidiyon taron slam ne na Asabar da ta wuce, a wani ɗakin taro kusa da tashar mota ta Gare de Bassam. Lailatu tana tsakiyar baiti, matasa suna ƙyasta yatsu kamar yadda suka saba idan magana ta ratsa su, sai wani dattijo mai sayar da goro, wanda jin Hausa a bakin mikro ya motsa masa zuciya, ya hau dandali ya liƙa mata takardar jika biyar a goshi. Shi karramawa ya nufa, irin wadda ya gada. Amma kafin kwana ɗaya bidiyon ya zagaya wayoyin matan unguwa.

"Tun da kakanninmu suka baro Madawa, ba a taɓa kawo zabiya gidanmu da sunan amarya ba," in ji Hajiya. "Zabiya zuwa take ta yi roƙo, a liƙa mata, ta kama hanya."

Lailatu ta durƙusa. "Hajiya, ku yi haƙuri ku saurare ni. Ba na wasa kowa, ba na karɓar komai. Abin da na gani a gari nake rubutawa in faɗa."

"Lisans ɗin da kika yi a jami'a, abin da ya koya miki ke nan? Ki buɗe baki a gaban maza har a manna miki kuɗi?"

"Hajiya, yarinyar nan ba ta taɓa jawo mini magana ba," in ji Inna Tsahara.

"Yau ta jawo. Alhamis ta sama sunan jikata ne. 'Yarki ta zo ta yi abin nata a gaban mata. In ba roƙo ba ne, idanu za su shaida."

Tarko ne, kuma dukansu ukun sun sani. Mata za su yi liƙi. Idan ta ɗauka, ta tabbata zabiya, idan ta bar kuɗin a ƙasa, ta raina manya. Ko ta wace ƙofa ta bi, auren ya rushe.

Da la'asar ta sami Fatihu a shago, tsakanin tulin atamfa da hayaniyar masu tura amalanke.

"Yako, sannu da haƙuri, Laila. Ni shawarata, ki ajiye dandalin nan wata shida kawai, a ɗaura, ƙura ta lafa."

"A ina ka fara ganina, Fatihu?"

"A dandali. Amma na faɗa wa Hajiya ke ba zabiya ba ce, na rantse mata."

"In da zabiya ce ni fa?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara ninkin atamfar da ba ta buƙatar gyara. Ta jira amsa har ta ji hawaye na neman kunyata ta a gaban mutane, sannan ta fita.

Akwai wata ƙa'ida da 'yan boko ba su cika sani ba: filin biki na zabiyar gidan ne, ba a buɗe baki a cikinsa sai da izininta. Zabiyar gidan su Hajiya wata tsohuwa ce, Delu, mai ɗaki ɗaya a wani gidan haya a Treichville. Lailatu ta shiga woro-woro, tasin haɗaka, ta haye gada.

"Ke ce 'yar bokon da za ta cire mini tuwo a baki?" in ji Delu. "Kun sa masa suna slam don kada a ce muku maroƙa."

"Izini na zo nema, Iya."

"Izini? Shekara arba'in ina shiga gidajen nan, a wajen takalma nake zama, ba wanda ya taɓa neman izinina a kan komai." Ta ƙare mata kallo. "To, yi in ji."

Lailatu ta yi. Delu ta taɓe baki.

"Kina haɗiye ƙarshen baiti. Numfashinki a maƙogwaro yake, saukar da shi ciki. Kuma daina kallon bango, ki zaɓi ido ɗaya a taro ki yi magana da shi. Saurara."

Tsohuwar ta gyara zama ta jero matan zuriyar Hajiya Zalihatu, uwa bayan uwa har bakwai, kowacce da garinta da sana'arta da kirarinta, ba ta tsaya neman ko ɗaya ba. Lailatu ta koma gida ta yage abin da ta shirya, ta fara sabo.

Ranar suna, gidan ya cika da mata da ƙamshin turare. Delu tana bakin ƙofa inda aka tuɓe takalma, da kwanonta a cinya. Hajiya ta ɗaga murya.

"Ga surukar tawa mai jiran gado, ta zo ta nishaɗantar da mu. Ku buɗe jaka."

Aka yi dariya. Lailatu ta tsaya a tsakiya, ta ja numfashi daga ciki, ta zaɓi idon Hajiya.

"Akwai wadda ke zama inda kuke tuɓe takalma,
a kanta sunayen iyayenku suke kwana.
Kun damƙa mata kakanninku,
kun hana ta gefen tabarma.
Jikokinku suna tambaya da Faransanci: daga ina muka fito?
Amsar tana bakin ƙofa,
tana jiran a gama ci a miƙa mata saura."

Tun kafin ma'anar ta isa kunnuwa, hannuwa sun riga sun bi al'ada, takardu suna zuba a kafaɗarta. Da ta kai ƙarshe babu sauran mai dariya. Ta sunkuya ta tattara kuɗin, ta ratsa matan har bakin ƙofa, ta durƙusa ta zuba su a cinyar Delu.

"Filin naki ne, Iya. Aro na yi."

Hajiya Zalihatu ta miƙe tana huci. "A gidana, a gaban baƙina, za ki koya mini wanda zan zaunar? Tsahara, ɗauki 'yarki. Maganar aure ta mutu. Ke kuma Delu, kada in sake ganin ƙafarki a nan."

Fatihu yana cikin maza a ƙofar gida, ya ji komai. Washegari ya zo Bromakoté.

"Tambayar da kika yi mini, na makara da amsarta. Ko zabiya ce ke, ke nake so. Sai dai ba zan ɗaga wa Hajiya murya ba, ba kuma zan aure ki a bayan idonta ba. Za ki iya jira?"

"Jira zan iya. Shiru ne ba zan iya ba."

Wata goma sha ɗaya suka yi a haka. Aka daina gayyatar Inna Tsahara biki, aka riƙa nuna Lailatu da baki a kasuwa. Aka kawo wa Fatihu hotunan 'yan mata uku, ya mayar da su cikin ladabi. Kullum da safe yana gaida mahaifiyarsa, kowace Asabar yana wajen taron slam. Lailatu kuwa ta ƙara wa kanta aiki: duk Laraba tana ɗakin Delu da littafi, tana rubuta zuriyar gidaje ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta yi tsakiya, Delu ta rasu.

Ba a jima ba aka sake haihuwa a gidan Hajiya. Zabiyar da aka ɗauko yarinya ce, sai an raɗa mata suna take faɗa. Hajiya ta ce a bari, ita za ta jero iyayenta da kanta. Ta kira uwarta, ta kira kakarta Hajo, ta tsaya. Mata suka yi shiru suna jiranta, ba ta da ta uku.

Asabar da ta biyo, Lailatu ta fito daga taro da la'asar ta tarar da Hajiya a bakin titi.

"An ce Delu ta bar miki mu."

"Ta bar mini, Hajiya."

"Bayan Hajo, wace ce?"

Lailatu ba ta buɗe littafi ba. Ta jero su a tsaye cikin ƙarar motocin Bassam, har zuwa Ladidi mai gishiri, wadda ta bi ayari daga Madawa zuwa Kumasi da goyo a bayanta. Hajiya ta rufe fuska da mayafi.

"Na kori matar nan, ta mutu ban nemi gafararta ba."

"Ba ta cire ku daga jerin ba, Hajiya. Ku ne na ƙarshe da ta sa na rubuta."

Hajiya ta share ido. "Ki gaya wa Tsahara, maza za su zo ranar Juma'a."

"Dandalin fa?"

"Wanda zai aure ki ya ce a can ya gan ki. Ni me ya rage in ce?"

Aka ɗaura auren bayan Babbar Sallah. Haƙurin da ya kai su nan, haƙuri ne da ya tsaya a kan gaskiya, bai kuma taka iyaye ba. Wanda kuma ya raina mutum saboda sana'arsa, ya fara tambayar kansa abin da ya ba shi ajiya, domin ranar da zai nema, mai ajiyar ba lallai yana raye ba.