Kwantiragi Da Sunan Marigayi

Wata Talata da hantsi, lokacin da sauran 'yan wasan Akurba Rovers ke fili suna tirenin, Zakiyyu yana tsugune a tsakar gidansu a Lafia yana fere doya. Wata uku ke nan rabonsa da taɓa ƙwallo. Mutumin da ya ci ƙwallo goma sha tara a kakar bara, wanda 'yan okada ke rububin ɗauka kyauta, yau ga shi da wuƙa a hannu, matarsa Muhibbat tana tsaye a kansa tana dariya.

"Abban Zuhra, rabin doyar fa kake zubarwa da ɓawo! Kawo nan don Allah. Ƙafa Allah ya ba ka, ba hannu ba."

"Ki bar ni in koya. In Ciyaman ɗin kulob ya ci gaba da riƙe ni, wurin mai sakwara zan nemi aiki."

"Rana ɗaya za ta kore ka."

'Yarsu Zuhra, 'yar shekara shida, ta ɗale bayansa ta rungume wuyansa tana taya uwarta dariya.

Kwantiragi ne ya zaunar da shi a gida. Shi a saninsa shekara uku ya yi wa kulob alkawari, kuma sun cika. Wani kulob na ƙasar Masar ya aiko yana son sa. Sai Ciyaman ya zaro takarda daga durowa, ya ɗora yatsa a kan wani layi can ƙasa, wai kulob na da ikon ƙara masa shekara uku, ko ya so ko ya ƙi. Zakiyyu ya ce bai san zancen ba, kuma ba zai ƙara buga musu ba. Suka ce to ya zauna har ƙafar ta yi tsatsa. Magana ta kai gaban kwamitin da ke raba rigimar 'yan wasa da kulob a Abuja, aka sa musu rana.

Amma a ƙarƙashin wannan akwai wata maganar, wadda duk unguwa ta sani, ba mai faɗa. A filin wasa ba Zakiyyu ake ce masa ba, Luqman ake ce masa. Luqman kuwa ƙaninsa ne da ya ba shekara bakwai, yaro mai sanyin murya, wanda zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke yana ɗan sha shida. Shekara guda bayan rasuwar, da kulob ya ce ba ya ɗaukar mai shekara ashirin da huɗu, sai ƙanin mahaifinsu Baffa Lawal, mai sayar da riɗi a kasuwa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya buɗe akwatin marigayin ya ɗauko takardar haihuwarsa. Da ita Zakiyyu ya koma ɗan sha bakwai. Da yake kuma ɗan sha bakwai ba ya sa hannu da kansa, Baffa ne ya sa masa, bai tsaya karantawa ba.

Suna cikin dariyar nan Baffa ya yi sallama. Muhibbat ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa ciki-ciki, ya ƙi zama a tabarmar da ta shimfiɗa.

"Kai, ajiye wuƙar nan ka saurara. Jiya yaran Ciyaman sun zo kasuwa suna tambayar wa da wa ke gidan nan. Hoton iyalinka suke nema. Za su kai Abuja su ce yaudararsu muka yi, su ba su sani ba."

"Ba su sani ba? Baffa, a ofishinsu fa aka..."

"Wa zai tsaya maka shaida? Kai dai yi tunani. Ɗan shekara ashirin da 'yar shekara shida — yana sha huɗu ya haife ta?" Ya juya wajen Muhibbat. "Ke za ki koma Doma wurin iyayenki sai an gama. Wanda ya tambaye ki, mijinki Zakiyyu ne, yana Legas neman kuɗi. Wannan ƙanin mijinki ne. Ita ma yarinyar a koya mata, in ta gan shi cikin mutane Ankul za ta ce."

Daga cikin ɗaki muryar Inna Iyatu, mahaifiyar Zakiyyu, ta fito a hankali. "Lawal, yaushe za ka bar mini yaron nan ya kwanta?"

"Yaya, Masar ce fa! Wanda ya tafi ya riga ya tafi, takarda ba ta jin zafi. Sati shida ne kawai!"

Zakiyyu ya ajiye wuƙar. Baffa ne ya ciyar da su shekara goma, ba a ɗaga masa murya a gidan. Sannan gaskiya ita ce, shi ma yana son Masar ɗin. Yakan rufe ido ya ga kansa a filin da ciyawarsa ba ta da rami.

Da rana ya sami matarsa a ɗaki tana ninke kayan Zuhra cikin jaka.

"Muhibbat, in kin ce a'a, wallahi—"

"Kada ka ɗora mini," ta ce, ba ta ɗago ba. "Zan tafi. Ba don Masar ba, don kada gobe a ce ni na tare maka hanya. Amma abu ɗaya. Ni ba zan koya mata ba. Bakin da ya koya mata Abba ba zai koya mata wani suna ba."

Hawaye ya ɗiga a kan rigar da take ninkewa, ta juya rigar don kada ya gani. Ya gani.

Washegari Baffa da kansa ya kai su tasha, da ledar alewa a aljihu, yana ta bitar kalmar da yarinyar.

Gida ya yi shiru. Zakiyyu yakan tashi da asuba ya yi gudu shi kaɗai a bakin titi don kada jiki ya mutu, ya dawo ya tarar ba mai ce masa warin gumi yake. Inna ta zuba masa abinci, ta zauna nesa tana jan carbi. Wani takalmin roba na Zuhra, ƙafa ɗaya, ya kwana biyar a bakin rijiya, ba wanda ya iya ɗagawa. In ya kira Muhibbat a waya sai ta ce lafiya lau suke, ya kula da gwiwarsa, ya daina shan ruwan sanyi bayan gudu. Ba ta taɓa tambayarsa saura kwana nawa ba.

Saura kwana uku a shiga Abuja ya kasa daurewa, ya hau mota sai Doma.

A ƙofar gidan surukinsa mata uku na maƙwabta suna sussukar dawa. Zuhra ce ta fara hango shi. Ta yar da gwangwanin da take wasa da shi ta sheƙo a guje, hannu biyu a buɗe. Saura taku uku ta tsaya cak. Ta waiga ta dubi matan. Sai ta sauke hannuwanta, ta ɗan rusuna.

"Sannu da zuwa, Ankul Luqman."

Sannan ta matso dab da kunnensa, ta yi raɗa, tana murmushi irin na wanda ke jiran yabo: "Na faɗa daidai, Abba?"

Zakiyyu ya sha duka a fili. An taɓa karya masa haƙarƙari a wasa ya tashi ya ci gaba. Wannan kuwa sai da ya dafa bango.

Muhibbat ta fito da ruwa a kwano. Ta rame, hannunta ya yi kanta saboda aikin gona. Ta durƙusa ta miƙa masa kamar yadda ake miƙa wa baƙo, matan nan suna kallo, ɗaya ta taɓa ɗaya.

Mahaifinta, Malam Abdulsalami, ya kira shi ƙarƙashin mangwaro. Dattijo ne manomi, Hausarsa irin ta Doma, mace ma shi yake ce mata, kuma ba ya kwana-kwana.

"Zakiyyu — ni sunan da na ɗaura aure da shi ke nan, shi zan kira. Mutane na tambaya na, yarinya na an sake shi ne? Ni ban san amsa ba. A rijiya ana yi masa waƙa, wai mijin Legas ya manta hanya. Shi ko bai ce komai ba, ko wa uwarsa bai kai ƙararka ba. To ni ba ni da haƙurinsa. In ka dawo daga Abuja, ko ka zo a mijinsa kowa ya ji, ko ka zo da takardar saki. Na uku babu."

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Haƙuri yana cikin gida, shi ya kawo maka ruwa."

Da zai tafi Muhibbat ta rako shi iyakar zaure. Ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kana da shari'a a gaba. Ka je da zuciya ɗaya." Ta gyara masa wuyan riga, ta yi saurin janye hannu don an taho. "Allah ya ba ka abin da ya fi alheri."

Ɗakin kwamitin a Abuja yana da sanyin na'ura, mutum biyar a bayan dogon tebur. Ciyaman da lauyansa a hagu, Baffa a baya cikin babbar riga. Lauyar Zakiyyu, Barista Doose, wadda ba ta san komai ba sai abin da ke fayil, ta sunkuyo tana murna.

"Luqman, yaran Ciyaman ba su samo komai ba, hannu banza suka zo. Kuma wannan layin ba zai tsaya ba, yaro aka ɗaure da shi. Ka rantse kawai cewa abin da ke takardar nan gaskiya ne, sunanka, shekarunka, ba ka da aure. Minti biyu, mun gama. Abeg kada ka ji tsoro."

Aka miƙo masa Alƙur'ani. Ya dubi takardar. Ga sunan ƙaninsa, ga ranar da aka haife shi. Ya tuna ranar sarai, shi aka aika ya kira ungozoma, yana ɗan shekara bakwai, ruwan sama na dukansa. Ƙasa da wannan ga wurin aure, an rubuta babu. Kalma ɗaya, ta share mutum biyu.

Bai karɓi Alƙur'anin ba.

"Ranku ya daɗe, sunana Zakiyyu. Shekarata ashirin da bakwai. Ina da mata, sunanta Muhibbat, ina da 'ya. Luqman ƙanina ne, ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ni na sa shi a kabari da hannuna."

"Kai!" Baffa ya miƙe tsaye. "Ka haukace ne? Masar fa! Masar!"

Barista Doose ta rufe fayil ɗinta a hankali. Ta dube shi ta ce, "Ka kashe mini shari'a. Zauna, bari in ga abin da zan iya cetowa."

Abin da ta ceto ba shi da yawa. Kwamiti ya ce kwantiragin da aka ƙulla da sunan mamaci ba kwantiragi ba ne, don haka kulob ba shi da iko da shi, kuma shi ma kulob ɗin zai amsa tambayoyi. Zakiyyu kuwa an dakatar da shi shekara ɗaya da rabi. Kafin su iso Lafia mutanen Masar sun janye. Baffa ya juya masa ƙeya tun daga Abuja har ƙofar gida.

Inna ta saurari labarin har ƙarshe. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai tsawo, irin wanda ba ta yi ba tun ranar sadakar bakwai ta Luqman. Da ta share ido ta ce, "Yau aka gama binne shi. Allah ya yi maka albarka." Sannan ta dubi Baffa. "Lawal, kai ka kai su tasha. Kai za ka je biko."

Baffa ya yi gunaguni, ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ce kasuwa. Amma washegari shi ne a gaba da ƙullin goro da turmin atamfa, Zakiyyu na biye.

A ƙofar gidan Malam Abdulsalami mutane sun taru, don labari ya riga su isowa. Zakiyyu bai jira an shiga zaure ba. Ya tsaya a tsakiyar taron ya ɗaga murya kamar mai kiran fasin daga tsakiyar fili:

"Jama'a, ni ne Zakiyyu, mijin Muhibbat, uban Zuhra! Ban taɓa zuwa Legas ba! Na zo ɗaukar matata, in za ta yarda ta bi ni!"

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Malam Abdulsalami ya karɓi goron daga hannun Baffa, ya bar shi a durƙushe na ɗan lokaci kafin ya ce ya tashi.

Muhibbat ta fito da lulluɓi, idanunta jajur. Ya matsa ya ce a hankali, "Ba Masar, ba kulob, ba albashi. Shekara ɗaya da rabi. Sai ni kawai."

"To da wa aka ɗaura mini aure?" ta ce. "Ɗauki jakar, tana da nauyi."

Shekara ɗaya da rabin nan ba ta zo da sauƙi ba. Ya yi dakon riɗi a shagon Baffa, ya koyar da ƙwallo a wata makarantar firamare, waɗanda ke ɗaukarsa kyauta suka koma wuce shi. Muhibbat ta soya awara a ƙofar gida, ba wanda ya taɓa jin ta yi masa gori. Da wa'adin ya cika, wani ƙaramin kulob ya ɗauke shi da shekarunsa na gaskiya. Ya zauna ya karanta kwantiragin layi-layi, ita tana gefensa tana bin layin da yatsa, sannan ya sa hannu da kansa.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Ƙarya rance ce mai cin na kusa, ba mai ita take fara ci ba, waɗanda suka fi son sa take fara ci. Duk ɗaukakar da sai ka ɓoye iyalinka za ka same ta, ba taka ba ce, ka bar ta ta wuce. Mai haƙuri kuwa ba wawa ba ne. Muhibbat ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta kai ƙarar kowa ba, amma ita aka zo nema da goro a gaban duk garin.