Ɓarawon da Ya Rage Iska

Sufeto ya daɗe yana zille wa likitan haƙori, sai ga aiki ya kai shi da ƙafarsa. An sace sabon injin huda haƙori, ɗan ƙarfe kamar biro.

"An fasa ƙofa?" ya tambaya, tafinsa a kuncin hagu.

"Ko ƙwarzane babu," in ji likita.

Mai gadi ya rantse ko kyanwa ba ta gifta ba, amma idonsa na ƙasa.

Likita ya jona tsohon injinsa, ya taka fedar kunna shi don Sufeto ya ga irinsa. Maimakon ƙarar nan mai tsinka hanji, sai gurnani. Ya leƙa gejin kwamfaresa mai hura wa injin iska.

"Wa ya rage mini iska?"

"Me iskar ke yi?"

"Akwai 'yar farfela a kansa, iska ke juya ta. Ni ƙure ta nake yi, aiki ya yi sauri."

Sufeto ya shafa injin, ya ji maiƙo. Wane irin ɓarawo ne zai sa mai, ya rage iska, ya kulle ƙofa?

"Da wa kuke faɗa kan iska?"

"Babana. Shi ya buɗe wurin nan. Na hana shi aiki, hannunsa ya fara rawa."

Sun tarar da tsohon a ƙofar gida.

"Baba, ka je asibiti jiya?" in ji Sufeto.

"Inda aka kore ni? Allah ya kiyaye."

"Na sani," in ji Sufeto. "Ɓarawon jahili ne, har geji ya dagula."

"Jahili?" Tsohon ya miƙe. "Iska in ta yi yawa ba ta samun mafita, sai ta taru ta shaƙe farfela, ta yi zafi, ta cinye boris ɗin da take juyawa a kai! Wannan yaron kashe shi yake!" Ya zaro sabon injin daga aljihu, naɗe cikin hankici. "Ni na ɗauka. Mabuɗina na nan, gobe ma zan koma."

"Sufeto, a bar maganar," in ji likita.

"Ba a bari! Kai ka kira su. Mu je gaban alƙali ya ji wanda ya iya aiki."

Ya miƙa hannu biyu. Suna ta rawa. Sufeto ya mayar da ankwa aljihu, ya buɗe masa mota.

Tsohon ya ƙura wa kuncinsa ido. "Na hagu ne ko, ɗana? Buɗe in gani."

Sufeto ya datse baki har caji ofis.