Aron Bakin Mai Rijiya

Na rantse da Wanda ya saukar da ruwa daga sama, ko na dafa littafi ba za ku yarda da wannan labari ba. Amma ku gyara zama.

A wani gida a wani ƙauye akwai wani saurayi da ake kira Gwani. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma bai yi ƙarya ba. Tun da ya yi sallama da makaranta a aji biyu, wai malaman ba su da sauran abin da za su ƙara masa, ba a sake yin mai jan guga kamarsa ba a tsohuwar rijiyar bayan gida. Gaba ashirin ne zurfinta. Shi ke cika randunan Inna, shi ke cika na maƙwabta, ko Baba zai yi alwala sai ka ji ya ce, "Ina Gwani?"

Sai ga ɗalibai. Su shida ne, daga wata ƙasa suka tsallako a lokacin hutunsu, don su kafa tanki a kan tudu, su ja bututu har tsakiyar ƙauye, saboda Allah. Baba ya sauke su a ɗakunan zaure. Shugabansu wani siriri ne mai tabarau, Hausarsa a karkace, in ya ce "sannu" sai ka ɗauka tari ya sarƙe shi. Amma kafin sati ya zagayo gidan ya koma nasa. Inna ta fito da kwanon da Gwani bai taɓa cin abinci a ciki ba. Auta, ƙanwarsa, wadda a da take bin sa rijiya tana yi masa kirari, ta koma riƙe wa Mai Tabarau igiyar awo.

"Yaya, ka san ruwa zai hau tudu da kansa? Hasken rana ne zai tura shi."

"Ni shekara nawa ina hawa da shi a kafaɗa, wa ya tafa mini?"

"Wannan ai ko jaki yana yi," in ji Inna, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ana cikin haka ɗaliban suka zuba murfin siminti suka rufe tsohuwar rijiya ruf, wai ruwanta na sa ciwon ciki. Tun zamanin kakanni, duk mai jan ruwa a nan sai ya yi sallama a bakinta, ya mayar da gugar farko ciki. Baƙi ba su sani ba, 'yan gida kuma murna ta mantar da su. Gwani ya tsaya da gugarsa a hannu kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Magaribar ranar ta sauko a hankali. Kaji sun hau kwana, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida, ɗaliban na zaune a kan tabarma suna shan shayi. Sai ƙwal, dutse a kan kwanon rufi. Kowa ya ɗaga kai. Sai na biyu, sai na uku. Sannan daga bakin bututun da aka jibge a jikin katanga, wanda ɗaya bakinsa ke can waje, wata murya mai kauri ta fito.

"Ku koma ƙasarku."

Kofi ya suɓuce daga hannun Mai Tabarau. A bayan katanga kuwa Gwani ya toshe bakinsa da hula, dariya na neman kashe shi. Washegari ya ƙara. Gari ya ɗauka aljanin rijiya ne ya fusata. Kafin kwana uku, biyu daga cikin ɗaliban sun ɗaure jakunkunansu, ramin bututu ya tsaya a rabin hanya, Baba ya daina haɗa ido da baƙinsa don kunya.

Magariba ta huɗu Gwani ya laɓe a wurinsa, aljihu cike da tsakuwa. Iska ta ɗauke. Ko kukan gyare babu. Bai kai ga ɗaga hannu ba sai wani dutse ya sauko a gabansa, a hankali, kamar ana ajiye shi. Ya taɓa. Jiƙe yake sharkaf, sanyi ƙalau, da gansakuka a jikinsa irin ta ƙasan rijiya. Bakin bututun da zai kafa nasa baki ya huro masa wani numfashi mai ɗanshi a fuska.

Daga cikin gida Auta ta ƙwalla ƙara.

Ya same ta zaune a tsakar gida, ƙafafu a miƙe, idanu a kafe, ruwa na ɗiga daga gashinta alhali ba ta yi wanka ba. Maza uku sun kasa ɗaga ta. Inna sai salati take. Baba ya tafi da kansa ya ɗauko Malam, wani tsoho mai ƙaramar murya da ba ya gaggawa a komai. Malam ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu, har duhu ya rufe fuskoki aka kunna fitila.

"Bawan Allah, wane ne kai?"

Bakin Auta ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, mai amo kamar daga rami. "Ni ne na rijiya. Na shayar da kakan maigidan nan, na shayar da ubansa. Kullum ana yi mini sallama. Yau an samu ƙarfe mai fitsari, an rufe ni kamar kabari. Me ya fi ni da shi?"

Gwani ya ji maganar tamkar daga cikinsa aka ciro ta.

Mai Tabarau ya durƙusa. "Baba, yi haƙuri. Mu ba mu sani ba."

"Kai baƙo ne, na yafe maka. Da na yi niyyar haɗiye abina. Amma wani ya ari bakina ya ci mini albasa. Kwana uku ana jifa da sunana, ana zagina a gari. Ni mai jifa da busasshiyar tsakuwa ne?"

"Wa ke nan?" in ji Malam.

Hannun Auta ya ɗagu a hankali, ya wuce Baba, ya wuce ɗalibai, ya tsaya. Gwani ya ja da baya, aljihunsa ya yi ƙaras. Malam ya ce, "Zazzage." Tsakuwa ta zube a gaban kowa. Baba ya juya wa Gwani baya, kuma wannan ya fi bulala ciwo.

"To me zai sa ka saki yarinyar nan?"

"A fasa tanki."

"Ba za a fasa ba. Mutane na ciwo, ka fi kowa sani. Ka ji tsoron Allah."

Sannan muryar ta yi ƙasa. "To a huda mini ƙofa a murfin, in ga sama. Kowa ya tafi wurin ƙarfensa. Amma wannan, tunda ya iya muryata, shi zai riƙa ɗebe mini kewa. Kullum la'asar ya zo ya yi sallama, ya ja guga arba'in."

"Ya kai ruwan ina?"

"Ya mayar ciki."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kwanta a jikin Inna, ta ce ƙishirwa take ji.

Sauran ramin bututun, Gwani ne ya haƙa shi, Mai Tabarau na tsaye a kansa da igiyar awo. Ranar da aka buɗe famfo kuwa, gari duk ya tafi can ana guɗa. Shi yana bayan gida shi kaɗai, yana kan guga ta goma sha bakwai. Auta ta leƙo ta katanga da kofi a hannu.

"Yaya, in tafa maka?"

Daga can ƙasan rijiya wani abu ya yi dariya. Gwani ya ce, "Salamu alaikum," ya sake jefa guga.