Irin Gyaɗar Maikano

Ranar kasuwar Tudun Wada ce, a kakar shekarar 1954, Malam Shitu ya fara ganin Tasalla. Sabon malamin elementare ne, ɗan Bebeji, mai takardar difloma a ƙasan akwati da tsoron kuskure a ƙirji. Ya je sayen man gyaɗa, amma da mai man ta ɗago kai sai ya tsaya riƙe da kwalba, ya manta abin da ya kawo shi.

Ta dubi farin allin da ya ɓata masa hannun riga, ta yi murmushi.

"Malam, kwalbar za ka miƙo, ko ni za ka yi ta karantawa kamar allo?"

Kwalbar ta suɓuce masa, ta cafe ta kafin ta kai ƙasa.

"Malam Alli ke nan," in ji ta. "Allah ya sa yaranmu ba haka suke suɓuce maka ba."

Tun daga ranar sunan ya bi shi. Tasalla 'yar Malam Umaru ce, wanda kowa yake kira Maikano, dattijo marar yawan magana. Ta taɓa aure na ɗan lokaci, mijin ya rasu, ta dawo gida tana sana'ar mai da ƙuli-ƙuli tare da ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Kulu. Shitu ya fara zuwa zance bayan la'asar, yana tsara kalmominsa tun daga hanya, ita kuwa tana wargaza su da dariya.

"Ka ce kana so na mana, Malam Alli. Ba jarrabawa ba ce."

"Ina son ki, Tasallata, so irin wanda ban san yadda ake tsara shi ba."

"To, ka ci. Sai dai ka sani, ba na tsallake maganar Baba."

Maikano bai hana ba, bai kuma sake fuska ba. Abin da ya ce wa Gwaggo Kulu shi ne, baƙo ne, ba shi da ko kunya ɗaya ta gona, kuma ma'aikaci ne da za a iya ɗauke shi gobe. Akwai kuma Sale ɗan Dangora, malamin sikeli na masu sayen gyaɗa, mai sabon keke, wanda ya riga Shitu zuwa ƙofar gidan. Shitu ya ƙudurta cewa zai nuna wa dattijon shi ma ya san ciwon manomi.

Da rani aikin aji ya kawo shi kan karayar kasuwar duniya ta wajen 1930. Ya yi wa yara bayanin yadda masana'antun ƙasashen Turai suka tsaya, masu sayen gyaɗa suka karya farashi, haraji kuwa bai ragu ba, har manomi ya sayar da hatsinsa da akuyarsa. Yaran suka yi ta hamma. A lokacin gyaɗa tana da daraja, iyayensu suna sayen kwanon rufi da kekuna, ba wanda ya yarda irin wannan ta taɓa faruwa.

A kwaleji an koya masa cewa darasin da yara suka kwaikwaya ba ya fita daga kansu. Sai ya shiga neman labarin mutum guda da za a yi wasa da shi ranar da iyaye suke zuwa makaranta. Sale ne ya tare shi a gindin sikeli, fuska a sake.

"Malam, ai akwai wani manomi a can baya. Ya ƙi farashin nan gida, ya ɗora wa jakuna gyaɗa har birnin Kano. Can ma aka taya ta abin da ko harawar jaki ba zai saya ba. Ya yi fushi ya juyo da kayansa, jaki ɗaya ya mutu a hanya, ya shigo gari da buhu a ka."

"Wane ne shi?"

"Wa ya sani? Tsohon labari ne."

Shitu, mai duba kowace kalma sau biyu kafin ya rubuta ta a allo, bai tambayi kowa ba. Bai kuma taɓa tambayar dalilin da ya sa ake kiran mutumin da bai taɓa zama a birni ba Maikano.

Ranar wasa ya aika musamman aka gayyaci dattijon, aka shimfiɗa masa tabarma a gaba. Yara biyu suka durƙusa a matsayin jakuna, wani ya riƙe sikelin kara, wani ya ɗaura gemun auduga. Da jakin ya faɗi, mai gemun ya ɗauki buhu a ka yana tangaɗi, sai filin ya kece da dariya. Shitu ya ji daɗi, har wata murya daga baya ta ce:

"Maikano ya dawo daga Kano!"

Dattijon ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi, ya ratsa mutane ya fita. Sai a lokacin Shitu ya gane labarin wanda ya sa aka kwaikwaya.

Kafin magariba yaran gari sun mayar da abin waƙa. Maikano ya daina fita kasuwa, ya daina zaman ƙofar gida, ko masallaci sai ya shiga sahun ƙarshe ya riga kowa fita. Shitu ya je ya durƙusa a zaure, ba a fito ba. Ya roƙi liman, liman ya dawo yana girgiza kai. Ya roƙi hedimasta, shi kuwa ya ce ya fi masa alheri ya nemi a mayar da shi Bebeji idan an yi hutu. A wannan makon ne kuma aka ga magabatan Sale sun shiga gidan Maikano da ƙwaryar goro.

Abinci ya daina shiga cikin Shitu. Yakan tsaya gaban allo da alli a hannu, ya rasa abin da zai rubuta. Da ya ga ba sauran ƙofa, sai ya tare Gwaggo Kulu a hanyar rijiya, ya zube ƙasa ba tare da ya damu da masu kallo ba.

"Gwaggo, wallahi ban sani ba. Ki ce masa ya sa a yi mini bulala a kasuwa, na yarda."

"Tashi, ɗan nan, kada ka ƙara mana wani wasan. Ka san ranar da ya shigo gari da buhun nan a ka, ranar aka haifi Tasalla? Ko ragon suna bai samu ba. Fiye da shekara ashirin yana binne abin, kai ka tono shi a bainar jama'a."

"To ita fa? Ta tsane ni?"

"Ta ba ni saƙo, ta ce in faɗa maka yadda ta faɗa." Gwaggo Kulu ta gyara tulunta. "Ta ce: Malam Alli, na yi fushi da kai har na gaji. Ba zan auri Sale ba, amma ba zan aure ka Baba yana sunkuyar da kai ba. Rabin darasi ka koyar. Ka je ka tambayi waɗanda suka yi dariya abin da suka shuka da daminar da ta biyo baya."

"Ki ce mata: Tasallata, ko gida-gida ne zan bi."

Gida-gida ɗin ya bi. Dattawan da suka fi kowa dariya suka riƙa kawar da kai, wani ya ce ya manta, wani ya ce yana da baƙi. Sai a bakin kasuwa wani tsohon manomi, Ɗanasabe, ya yarda ya yi magana.

"Mu da muka sayar a nan, da farashi ya karye sai da muka ƙara da irin shuka kafin haraji ya cika. Ruwa ya sauka, duk unguwar nan ba mai ƙwayar gyaɗa a rumbu, sai buhunan da Umaru ya dawo da su. Ya zauna a ƙofar gidansa ya yi ta ɗiba mana da ƙwarya. Duk gyaɗar da ka gani a gonakinmu jikar waccan ce."

"Baba, an mayar masa?"

"Al'ada ce wanda ya ari iri ya mayar idan kaka ta yi. Kakar ta zo da wuya, ta bayanta ma haka. Shi bai tambaya ba, mu kuma tsokanarsa ta fi mana sauƙi a kan haɗa ido da shi."

Washegari Shitu ya shiga aji ya koyar da sauran rabin. A wannan karon ba wanda ya yi hamma. Da ya gama ya ce kowane yaro ya je ya tambayi mahaifinsa inda irin gidansu ya samo asali, in uban ya yarda, ya ba shi cikin tafin hannu ɗaya ya kawo ranar kasuwa.

Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa, lokacin da manomi ba ya wasa da iri. Shitu ya san iyayen za su iya ƙi. Ya kuma san ko sun bayar, Maikano zai iya ɗaukar abin a matsayin sabon cin fuska, ya rufe ƙofar har abada. Hedimasta ya ce masa in abin ya ɓaci, shi ba ruwansa. Sale ya wuce a kan keke yana cewa, "Malam, yau kuma wa za a kwaikwaya?"

Ranar kasuwa da hantsi ya jera yaran, ya duba hannayensu. Ba su kai rabi ba masu ɗauke da gyaɗa. Zuciyarsa ta karye, amma ya wuce gaba da tabarma a hammata har ƙofar gidan Maikano. Ya shimfiɗa ta, ya durƙusa a gefe, ya yi sallama.

Ba a amsa ba. Yaran suka zuba abin da suka kawo, ya taru ɗan tsibi abin tausayi a tsakiyar tabarma. Rana ta fara zafi, mutane suka fara taruwa daga nesa. Shitu ya sake sallama, gumi yana bin bayansa.

Sai ga Ɗanasabe ya ratso taron da ƙwarya cike a ka. Bai dubi kowa ba, ya juye ta a kan tabarmar, ya ɗaga murya.

"Umaru! Ɗanasabe ne. Na kawo maka irinka. Na makara, ka yafe mini."

Wani dattijo ya juya gida da sauri. Wani ya bi shi. Kafin a jima ƙwarya tana bin ƙwarya, gyaɗa ta cika tabarma ta gangara ƙasa, kowa yana faɗin sunansa yana kiran Umaru. Ba wanda ya ce Maikano.

Asabarin zaure ya motsa. Dattijon ya fito, ya rame. Ya dubi tsibin, ya dubi tsararrakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuya ya ɗebi gyaɗar ya murza a tafinsa. Sannan ya ɗago kai.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Shitu, kansa a ƙasa. "Na koyar da rabin labarinka, na sa aka yi maka dariya. Wannan ne sauran rabin. Ko ba ka ba ni Tasalla ba, ka yafe mini, in bar garin nan da sauƙin zuciya."

"Ka iya riƙe fartanya?"

"Ban iya ba, Baba."

"Ka dai iya faɗin gaskiya." Ya juya wajen zaure. "Kulu! Ki mayar wa mutanen Dangora goronsu, ki ba su haƙuri." Sannan ya dubi Shitu. "Wannan iri ne, ba a cinsa, kuma ya fi ƙarfin gonata. Akwai fili a bayan rafi. Wanda ya shuka iri a gari ya daina zama baƙo. Ka aika Bebeji magabatanka su zo."

Daga cikin gida guɗar Gwaggo Kulu ta tashi. Shitu ya yi ƙoƙarin yin godiya da kalmomi masu tsari, amma kuka ya riga su fitowa.

An ɗaura aure bayan ruwan farko, hedimasta da kansa ya janye maganar komawa Bebeji. Liman ya yi addu'a Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma tsare manoma daga sake ganin irin waccan shekara, dattawan unguwa suka amsa da amin mai ƙarfi, Malam Umaru yana tsakiyarsu a sahun gaba.

Da aka yi ruwan shuka, ango da amarya suka fita filin bayan rafi. Shi yana sara da sungumi, ita tana binsa tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Layinsa ya karkace, tafinsa ya yi kanta, ya tsaya yana duban aikin cikin damuwa.

"Tasallata, layin nan bai miƙe ba. Ko in sake?"

Ta jefa ƙwaya biyu a ramin, ta taka.

"Ci gaba, Malam Alli. Wannan irin ya je Kano ya dawo, karkataccen layi ba zai hana shi fitowa ba."