Ranar da Tersugh Ya Shiga Ruwa

"Ba za a ɗaura aure da wannan katin ba!"

Babana, Dattijo Iorfa, ne ya faɗa, ya ajiye katin baftismar saurayina Tersugh a kan teburin Fasto. Saura sati uku bikinmu, har an ɗinka anko.

"Baba, me ya yi?" na tambaya.

Raymond, sakataren cocinmu, wanda ya nemi aurena na ƙi shi har sau biyu, ya gyara tabarau.

"Ni dai aikina na yi, Hembadoon. Na je Kwandere na bincika. Cikin sunan Yesu kaɗai aka yi masa baftisma. Cocinsu ba su yarda da Triniti ba."

Fasto ya dubi Tersugh da tausayi.

"Ɗana, mu cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki muke yi. Allah ɗaya ne, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. Sai ka sake shiga ruwa, ka furta da bakinka."

 Marigayi baban Tersugh ne ya kafa wancan ƙaramin cocin na Kwandere, shi ya tsoma shi da hannunsa a rafin bayan gonarsu ta doya.

Da la'asar ya same ni a shagon ɗinkina a Azuba, ya zauna a kan bencin da ya saba zama yana ɓare mini lemo.

"Zan yi, Doo. Ruwa ne kawai."

"Ka yarda ke nan?"

"Abeg, ƙaunata... Na yarda da ke. Bai isa ba?"

"Ba a kaina za a tambaye ka ba, Ter!"

Ya yi ajiyar zuciya. "Babana ya koya mini Yesu shi ne Uban, shi ne Ruhun. Kamar ni: manomi ne, direba ne, ɗa ne, amma Tersugh ɗaya."

"To, da Yesu ya durƙusa a lambu yana kuka, da wa yake magana? Da kansa?"



"Tun ba a halicci komai ba Uba yake ƙaunar Ɗa," na ce. "Sai da wani ake ƙauna, Ter. Da Allah shi kaɗai yake ba mai amsa masa, ina ya san abin da nake ji a kanka?"

"Kai! Fasto zan aura ashe!"

Muka yi dariya har na soke yatsa da allura.

Sati biyu muka yi a haka. Yana zuwa da tsohon Littafi Mai Tsarki na babansa, ni da nawa, mu yi ta gardama har kwastomomi su gaji su tafi. Ban taɓa jin daɗin kwanaki irin waɗannan ba. Amma bai motsa ba, ni ma ban motsa ba.

"Bar shi ya faɗa kawai," in ji mamana. "Allah zai gyara zuciyar daga baya. Ke kin fi dattawa sanin addini ne?"

Safiyar Asabar muka taru a bakin rafi. Mawaƙa suna waƙa, ni ina riƙe da busasshiyar rigar Tersugh. Ruwa ya kai masa ƙugu.

"Tersugh," Fasto ya ɗaga murya, "ka ba da gaskiya ga Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki?"

Bai dubi Fasto ba. Ni ya duba.

Na sani da na yi murmushi kawai zai ce i. Zan samu mijina. Zan kuma zauna kusa da shi kowace Lahadi ina sane cewa ni na sa ya yi wa Allah ƙarya, ya kuma ƙaryata babansa ba da zuciyarsa ba.

"Ka faɗi gaskiya, rabin raina..." Hawaye suka zubo mini.

Ya daɗe yana kallona.

"A'a, Fasto. Ban kai nan ba tukuna."

Waƙa ta tsaya. Ya fito yana ɗiga, ya karɓi rigar a hannuna.

"Na gode, Doo."

Babana, wanda bai taɓa ba shi hannu ba, ya cire hula da Tersugh ya zo wucewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da fasa bikinmu. Raymond bai same ni ba, wani malami mai haƙuri na aura, 'ya'yanmu uku. Har yau abin da na gaskata ban sake shi ba, da shi nake addu'a, shi nake koya musu. Sai dai akwai tambayar da ban kai wa Fasto ba: shin gaskiyarsa na kare ranar nan, ko tawa?

Wani lokaci motar Tersugh takan wuce ta gaban shagona cike da doya. Yakan rage gudu, ya ɗaga hannu.

"Madam, ya yara?"

"Lafiya lau. Ya gona?"

Sai in ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, har sai na daina jin ƙarar motar.