Mai Jin Ɗumi a Bakin Tiga

Daren da sanyi ya sauka, Mujitaba ne ke gadin injin ban-ruwan yayansa a bakin dam ɗin Tiga. Ya hura wuta da ɗan karan da ya rage masa, haƙora na ta kaɗawa. Sai ga sallama daga ɓangaren ruwa. Wani tsoho ne, rigarsa jiƙe sharkaf.

"Samari, zan ɗan ji ɗumi."

"Bismillah, Baba. Amma wanka har da riga a sanyin nan? Zance za ka ne?"

Tsohon bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya miƙa tafukansa, wutar ta fara ƙanƙancewa. Mujitaba ya jefa karan ƙarshe, ya ƙi kamawa. Nan ya lura cewa bakinsa na fitar da tururi, na tsohon kuwa ko alama.

"Baba, ina ne gida?"

Tsohon ya nuna tsakiyar ruwan da haɓa, inda dam ya haɗiye ƙauyuka tun kafin a haifi Mujitaba. Yatsu masu sanyin ƙanƙara suka zagaye masa wuyan hannu.

"Wutarka ta mutu, samari. Taso mu je, can ƙasa babu iska."